Tsakanin mai layi da mai manhaja, wa ke kwashe kuɗin datar da muke ƙonawa?

Baban Iman: Assalamu alaikum 'yan guruf. Shawara nake nema don Allah. Adashin ofis ya faɗo kaina wannan watan, kuma ba na so kuɗin nan su narke a cefane. Ina da ɗan hannun jarin MTN da na saya tun tayin da suka yi wa jama'a a Disambar 2021 kan naira 169, to tunanina ya rabu biyu, in ƙara a nan gida ne MTN ko Airtel, ko kuwa in bi ta manhajojin nan na sayen hannun jarin Amurka in ɗan tsinci Apple ko Google. Abin da ya sa nake tambaya, jiya na zauna na lissafa abin da gidana ke kashewa a data a wata, ni da uwargida da yara biyu, wlh ya kusa kamo kuɗin shinkafa. Sai na ce to kuɗin nan aljihun wa suke shiga ne a ƙarshe, in je in tsaya a bakin ƙofarsa

Ɗan Manhaja: Wa alaikumus salam yaya. Ni ba sai an yi dogon tunani ba, Apple da Google. Kamfanin layi ai ɗan garuwa ne kawai, shi ke turo kura yana gumi, masu rijiyar suna California a zaune cikin sanyi. Duk abin da ka saya a cikin manhaja, ko wasa ne ko biyan kuɗin wata, sai sun cire abin da kan kai kashi 30 cikin ɗari, in kai ƙaramin mai sana'a ne irina da bai kai dala miliyan ɗaya a shekara ba su cire 15, wannan ma sai a 2021 suka sassauto. Basu haƙa rami ba basu sayi dizal ba. Apple kaɗai ɓangarensu na hidimomi, wato App Store da iCloud da sauransu, ya kawo musu wajen dala biliyan 96 a shekarar kuɗinsu ta 2024. Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan

Alhaji na Kwari: Yaro kai da ka ce kana haɗa manhajar, tsakaninka da Allah nawa mutanen Kano suka taɓa biyanka ta cikin Play Store ɗin?

Ɗan Manhaja: Hahaha Alhaji ka taɓo inda yake ciwo. Gaskiya ba su biya. Na yi wata manhajar lissafin bashi ta masu shago, mutane sun sauke ba laifi, ranar da na sa kuɗi naira ɗari biyar a wata sai ka ce na zagi iyayensu, wani har sako ya turo min wai ni ba ɗan arewa bane. Daga talla nake ɗan samu

Alhaji na Kwari: To ka gani. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma shekarata talatin da wani abu a kasuwa. Abin da mutum ba zai iya kwana bai saya ba shi ake sa wa kuɗi. Yaran shagona ko abincin rana ba su ci ba sai sun sa data. Ban taɓa ganin wanda ya biya Google ko sisi ba, amma kullum ina ganin ana biyan mai layi, kuma kuɗi hannu, babu bashi babu sai gobe. Kai ka ce ɗan garuwa, to a unguwar da babu famfo ɗan garuwa sarki ne

Malamin Tattali: Ranka ya daɗe Alhaji maganarka akwai gaskiya a ciki, amma bari in ɗan gyara wani wuri. Yaranka suna biyan Google, sai dai ba da naira ba, da idonsu suke biya. Duk bidiyon YouTube da suka kalla da tallan da ya gifta, wani kamfani ne ya biya, kuma sau da yawa da dala. Shi ya sa Android kyauta ne ga masu ƙera waya, ba don Allah suka bayar ba. In kana son sanin darajar zama a bakin ƙofa, a shari'ar da gwamnatin Amurka ta yi da Google an bayyana cewa a 2022 kaɗai Google ya ba Apple dala biliyan 20 don kawai injin bincikensa ya zama shi ne ke fara fitowa a burauzar iPhone. Ba wani kaya aka sayar ba, kuɗin rumfa ne ta bakin ƙofar kasuwa. A Agustan 2024 alƙalin ya yanke cewa Google ya yi babakere ba bisa ƙa'ida ba.

Wannan muhawarar tamu ba sabuwa ba ce, masu jari a Amurka sun yi ta tun 2008 da aka buɗe App Store a watan Yuli da manhajoji wajen 500, Android Market kuma ya biyo baya a Oktoba. Lokacin da yawa sun ɗauka kamfanin layin nan na AT&T ne zai ci moriyar don shi kaɗai ke da iPhone a Amurka har zuwa 2011. Ya samu kwastomomi kam, amma mutane suka yi ta zuƙar data har layin ya riƙa shaƙewa a manyan birane, a 2010 dole ya daina sayar wa sabbin kwastomomi datar da ba ta da iyaka, ya koma zuba biliyoyi a faɗaɗa layi. Kowa ya san tsakanin Apple da AT&T wanda hannun jarinsa ya ninka ya sake ninkawa tun daga lokacin

Injiniya: Malam na gode da ka kawo maganar faɗaɗa layi, nan ne mutane ba sa gani. Ni aikina kenan kula da ƙarafan sabis, shekara tara, ba zan faɗi kamfanin ba. Satin da ya wuce ƙarfe biyun dare aka tashe ni wai wani turke ya mutu a hanyar ƙauye, muka isa da asuba muka tarar an yanke katangar waya an kwashe batura duka, janareto kuma an tsiyaye dizal ɗin har an bar mana jarkar da ta fashe a wajen, maigadin yana zaune a kan benci yana rawar sanyi ya ce mutum shida ne da adduna. Ƙauyuka huɗu babu sabis kwana biyu, masu POS sun zauna suna kallon na'ura. Wannan turke ɗaya kenan cikin dubbai. Ga masu aikin titi da ke tsinka faiba da katafila kusan kullum ba wanda ke biyan diyya. Batir da dala ake saye, na'urar da ke saman ƙarfen da dala, lasisin 5G da aka yi gwanjonsa a Disambar 2021 MTN da Mafab kowanne dala miliyan 273.6 ya biya. Amma Baban Iman in zai sayi data da naira zai biya. Shikenan matsalar a taƙaice, shiga da naira fita da dala

Malamin Tattali: Kuma an gani a takarda. Da aka saki naira a Yunin 2023, daga wajen 460 a farashin hukuma ta wuce 1,500 a farkon 2024. MTN Najeriya ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, a 2024 ta kai wajen biliyan 400, alhali cinikinsa ƙaruwa yake yi har ya haura tiriliyan 3. Ba kwastoma ya rasa ba, bashi da hayar turaku da ke ɗaure da dala ne suka kumbura. Shi ya sa a 2024 ya koma teburi da IHS, kamfanin da ke ba shi hayar turakun, aka sake yarjejeniyar hayar. Airtel Africa ma da ke lissafi da dala ya rufe shekararsa ta Maris 2024 da asara saboda faɗuwar naira

Baban Iman: Eh wannan na shaida, 2024 shiru babu rabon riba. To amma ai an ce daga baya sun farfaɗo ko?

Malamin Tattali: Sun koma riba a 2025, sosai ma. Amma ka duba dalilin. NCC, hukumar sadarwa ta ƙasa, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, bayan sama da shekara goma ba a taɓa farashin ba, naira kuma ta ɗan tsaya wuri ɗaya. Wato ribar tana rataye da sa hannun hukuma da kuma canjin dala, biyun kuma babu wanda ke hannun kamfanin. Apple in ya ga dama gobe ya ƙara kuɗin iCloud ba sai ya je Abuja ba

Maman Sadiq: Sallama iyayena da yayyena, ni dai mai sayar da data ce da atamfa a status, ban san lissafin biliyan ba amma bari in faɗi abin da na gani da idona. Da aka yi ƙarin nan na ce shikenan sana'a ta mutu, satin farko kowa na zagi, wata ƙawata ta rantse ta daina TikTok. Wlh kwana tara ta yi, ranar na goma ƙarfe sha ɗayan dare ta kira ni wai Maman Sadiq a taimaka da giga ɗaya zuwa gobe akwai bikin da ake yi kai tsaye. Masu sayen giga biyar sun koma uku, masu wata sun koma sati, amma babu wanda ya bari. Har tsofaffi yanzu, surukata ba ta iya karatu ba amma kullum sai ta tura murya ga 'yarta da ke Madina, kuma kiran bidiyo take so ba na murya ba don ta ga jikoki

Alhaji na Kwari: Allah Ya yi miki albarka 'yata, kin faɗi abin da nake nufi. Wanda aka ƙara wa rabin kuɗi bai gudu ba ai kwastoma ne na har abada

Ɗan Manhaja: Amma Alhaji ka lura da abin da ta ce, kiran Madina ta WhatsApp. Da can wannan kiran nawa ne a minti? Kamfanonin layi sun yi asarar kiran waje gaba ɗaya, sun yi asarar tes na naira 4 da muke turawa barka da sallah, duk WhatsApp ya cinye, Facebook kuma ya saye shi a 2014 kan dala biliyan 19. Sun mayar da su bututu kawai

Injiniya: Ƙanena bututun nan fa ba ƙaramin abu ba ne. A 2024 kuɗin da MTN Najeriya ya samu daga data ya zarce na kira. Minti ɗaya na bidiyo yana cin abin da saƙon rubutu dubu ba zai ci ba, to WhatsApp da TikTok sun kashe musu wata kasuwa sun buɗe musu wadda ta fi ta. Matsalar dai ita ce kowace giga da aka ƙara sha sai an ƙara ƙarfe, shi kuwa mai manhaja mutum miliyan ya ƙaru masa kusan ba abin da ya kashe a nan. Shi ya sa a Turai manyan kamfanonin layi suka yi ta kukan a tilasta wa su Netflix da Google su riƙa ba da nasu kason na gina layi, a Koriya ta Kudu har kotu aka je tsakanin kamfanin layi SK Broadband da Netflix kafin su sasanta a 2023

Na Farm Centre: Kun yi ta Apple Apple tun ɗazu ina karantawa ina dariya. Ku zo shagona ku zauna yini ɗaya. IPhone ɗin da nake sayarwa yawanci na hannu ne ɗan Landan, Apple ya riga ya ci kuɗinsa a wajen Baturen da ya fara saya, a wajenmu ba ya samun komai sai suna. Abin da ke fita kamar ƙosai Tecno ne da Infinix da itel, kuma ukun nan kamfani ɗaya ne, Transsion na Shenzhen, kusan rabin wayoyin zamani da ake sayarwa a Afirka nasu ne. Ɗazun nan wani dattijo ya zo daga Bichi ya sayi itel, na buɗe masa kwali na kunna, tun kafin a sa layi ga manhajoji nan an jera masa a fuska, har da na waƙa har da na kuɗi. Bai san Play Store ba kuma ba zai taɓa buɗe shi ba, abin da ya tarar a ciki da abin da yaron caji ya tura masa ta Xender shikenan duniyarsa. PalmPay da kuke gani ko'ina kun san Transsion na cikin waɗanda suka fara zuba masa jari a 2019? To a nan ƙasar mai bakin ƙofa shi ne wanda ya ƙera wayar dubu saba'in, ba mai ta miliyan biyu ba

Baban Iman: Kai wannan ban taɓa tunaninsa ba. Ana iya sayen nasu?

Malamin Tattali: A kasuwar Shanghai suke tun 2019, ba abu ne mai sauƙi ga ƙaramin mai jari daga nan ba. Amma maganarsa tana da nauyi ta wani gefen, wayoyin zamani na Transsion Android ne, kenan duk irin wannan itel ɗin da ya sayar ya ƙara wa Google mutum ɗaya ko dattijon ya sani ko bai sani ba

Alhaji na Kwari: Ni fa abin da ke ba ni tsoro da masu manhajar nan shi ne yayi. Ina Nokia? Akwai lokacin da in ba Nokia ce a hannunka ba ba ka riƙe waya ba. Ina BlackBerry da 'yan mata ke tambayar fin? Ɗana ya dame ni sai da na saya masa, yau tana cikin durowa da tsofaffin makullai. Amma layin da na saya a 2001 da tsadar tsiya lokacin ana kira naira 50 a minti, har yau shi ne a wayata, lambar ba ta canza ba. Wayoyi nawa suka mutu a kansa

Malamin Tattali: Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da aka kawo yau a ganina. Nokia tana da nata kantin manhajoji Ovi, tana da tsarin wayarta Symbian, ta fi kowa yawan waya a duniya, a 2011 shugabanta Stephen Elop ya jingina ta da Windows Phone, Microsoft ya sayi sashen wayoyin kan yuro biliyan 5.44, a 2015 ya rubuta asarar dala biliyan 7.6 a kai. Abin da ya kashe su ba ƙarfen wayar ba ne, masu haɗa manhaja ne suka ƙi zuwa, mutane kuma ba sa sayen wayar da babu abin da abokansu ke amfani da shi. BlackBerry ma ka tuna BIS, kuɗin intanet ɗinta da muke biya duk wata, a ciki kamfanin layi yana ba su wani kaso a kan kowane mutum, ranar da WhatsApp ya zo kan kowace waya wannan kuɗin ya fara bushewa, BBM, manhajarta ta hira, aka rufe shi a 2019. Sai dai Alhaji a lura, tun da aka rage saura biyu, Apple da Google, shekara goma sha ke nan ba wanda ya iya kutsawa, Microsoft da duk kuɗinsa ya haƙura. Huawei ne kawai ya gina nasa HarmonyOS, shi ma don Amurka ta raba shi da Google a 2019 ne kuma yana da kasuwar China a bayansa. Yanzu barazanarsu ba kishiya ba ce, hukumomi ne, Tarayyar Turai ta ci Apple tarar yuro miliyan 500 a Afrilun 2025, ga rigimarsu da Epic masu Fortnite tun 2020, kullum ana ɗan yanka kashi 30 ɗin nan

Ɗan Manhaja: Kuma layi ma yana mutuwa fa Alhaji, Etisalat da ya shigo 2008 da ƙarfinsa ina yake, bashin dala ne ya kayar da shi a 2017 ya koma 9mobile

Alhaji na Kwari: Na karɓa. Dala dai dala dai

Na Maraɗi: Salamu alaikum, ina biye da ku daga nan Nijar. Mu matsalar canji ba ta dame mu kamar ku ba tunda sefa na ɗaure da yuro, amma ku tuna Orange da girmansa ya tattara ya sayar a 2019 bayan rigimar haraji da gwamnati, shi ne ya zama Zamani. Kamfanin layi ba ya iya ɗaukar turakunsa ya gudu, duk gwamnatin da ke neman kuɗi shi take fara kallo. Ku ma ai an taɓa cin MTN tarar sama da tiriliyan ɗaya a 2015 kan layukan da ba a yi wa rajista ba kafin a rage zuwa biliyan 330

Injiniya: Ga kuma rufe sabis da aka yi a Zamfara a Satumbar 2021 saboda tsaro, umarni ne kawai ya zo aka kashe, watanni ba ciniki amma haya da gadi ba su tsaya ba

Maman Sadiq: Ni tambayata ɗaya, Starlink ɗin nan mai intanet ta tauraron ɗan'adam da ya shigo 2023 ba zai kashe mu ba ni da masu layin duka?

Na Farm Centre: Hajiya kwantar da hankalinki, wanda ke sayen datar ɗari biyu ba shi ne zai sayi faranti ya biya kuɗin wata ba, na masu otal ne da ofisoshi da 'yan kirifto

Malamin Tattali: Wani abin da ya kamata Baban Iman ya sa a lissafi, katangar da ke tsakanin ɓangarorin biyu tana rushewa. Google ya ja kebul ɗinsa na ƙarƙashin teku Equiano ya sauka Legas a 2022, Meta mai Facebook na cikin masu kebul ɗin 2Africa tare da MTN ɗin kansa. A Indiya a 2020 Facebook ya zuba dala biliyan 5.7 a Jio, Google ya bi da 4.5, wato masu manhaja da kansu suka sayi rabo a kamfanin layi. Su kuma masu layi suna son zama manhaja, MoMo na MTN da SmartCash na Airtel sun samu lasisin hada-hadar kuɗi a 2022, duk da dai zuwa yanzu OPay da PalmPay da Moniepoint sun riga su shiga aljihun mutane a nan, ba kamar Ghana ba inda MoMo ya zama ruwan sha

Baban Iman: To ni yanzu kun ƙara rikita ni wlh 😂 Abin da na fahimta dai in na sayi na gida ina caca ne a kan naira da NCC, in na sayi na waje ina samun mafaka daga naira amma na saya da tsada kuma ba datar gidana ce ke ciyar da su ba

Alhaji na Kwari: Kada ka ce caca a guruf ɗin nan, akwai malamai. Kuma tunda an zo nan, kafin ka sa kuɗi ko'ina ka tambayi wanda ya sani game da yawan bashin ruwa da ke kan kamfanin, ni ba na sayen abin da zan zo ina wasiwasi a kansa

Ɗan Manhaja: Yaya in za ka bi ta manhajojin sayen na Amurka ka tabbatar suna da rajistar SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ka tuna 2021 da CBN ta sa kotu ta rufe asusun wasu daga cikinsu na ɗan lokaci, mutane sun ga tashin hankali. Kuma ka lissafa kuɗin canji shiga da fita, ɗan ƙaramin kuɗi a nan yake ƙarewa

Baban Iman: Na gode ƙanena. Injiniya kai da ke ciki, tsakani da Allah kai wanne ka saya?

Injiniya: Ni? Batir da sola nake sayarwa a gefe yaya, duk wanda ya ci a cikinsu sai ya yi caji. Bari in tashi an sake kira wai faiba ta tsinke wajen gadar da ake gyara, in kun ga saƙonku na juyawa ba ya tafiya ku yi haƙuri zuwa la'asar

Na Farm Centre: Injiniya in ka dawo ka min magana ta gefe, batir ɗin lithium nawa kake ba da mai kilowat biyar